Giriya da Ƙidayar Tsani: Tarihin Ƙarfen da Samarinmu Ke Lilo da Shi

Shekarun nan, duk wanda ya zaga lungunan Dawce bayan la'asar zai ci karo da abin da ba mu taso mun gani ba. Samari uku ko huɗu a gindin bedi, an cika gwangwanin fenti da siminti an kafa masa guntun rodi a matsayin mariƙi, ɗaya yana lilo da shi tsakanin ƙafafunsa, sauran suna ƙirga masa da Faransanci, wani kuma ya ɗaga waya yana ɗauka. Haka abin yake a Matamaye, haka yake a Kance. Iyaye sukan tare ni da tambaya, tunda a ganinsu malamin lakwal ai ya san komai: Mushe, wannan abu ba zai hana yaro tsawo ba? Ba zai karya masa baya ba? Wasu kuwa fushi suke yi, wai ga gona ga rijiya, mene ne na ɗaga dutsen banza.

Tambayoyin suna kan hanya. Sai dai kafin a hana ko a bari, ya kamata malamai da iyaye mu san abin da yaran suke kwaikwayo, domin rabinsa kaɗai suka ɗauko. Abin yana da tarihi biyu, na ƙarfen da na ƙidayar. Waya ta kawo musu hoton ƙarfen, ƙidayar kuwa ta maƙale a hanya, alhali ita ce take tsare bayan yaro.

Sunan ƙarfen na asali giriya, kalmar Rashanci ce. Dunƙulen baƙin ƙarfe ne mai kamar ƙaramin tulu, da mariƙi a kansa. Masu jin Ingilishi suka ga ya yi kama da butar shayi marar baki, suka sa masa suna ketilbel, kuma da wannan suna yaranmu suke samunsa a TikTok da YouTube. Tun farko ba don wasa aka ƙera shi ba. Dutsen awo ne, wanda ake ɗorawa a ɗaya gefen sikeli a kasuwannin Rasha a auna hatsi. Masu rubuta tarihin wasan sukan ce kalmar ta shiga ƙamus na Rashanci tun 1704. Ma'auninsu na lokacin ana ce masa pud, nauyinsa kilo 16.38. Mu kawo shi gida: idan aka ɗauki tiyar gero a kan kilo biyu da rabi, pud ɗaya ya yi tiya shida da rabi ke nan. Wannan ne dalilin da ya sa har gobe giriyar da aka fi sani take zuwa a kilo 16 da 24 da 32, wato pud ɗaya, ɗaya da rabi, da biyu. Gwamnatin Sobiyet ta ajiye pud ta koma kilo tun cikin shekarun 1920, amma tsohon ma'aunin ya ɓuya a jikin ƙarfen ya ƙi fita.

Yadda dutsen awo ya zama abin wasa ba shi da wuyar ganewa ga wanda ya san kasuwa. An gama ciniki, manoma da 'yan dako suna zaune, sai gardama ta tashi: wa zai iya kai wannan sama da hannu ɗaya? Wa zai fi wani yawa? Daga kasuwa abin ya shiga bukukuwan ƙauye, daga nan masu wasan nuna ƙarfi suka ɗauke shi suna yawo gari-gari ana biya ana kallo.

Mu ma nan mun ga sikeli da ƙarafansa. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, kuma a hankali kudancin Damagaram, wato Matamaye da Kance da Magarya, ya zama ƙasar gyaɗa, da ita ake biyan haraji da ita ake aure. Har masana'antar man gyaɗa aka kafa a Matamaye. Bayan samun mulkin kai gwamnati ta kafa SONARA a 1962 don sayen gyaɗar manoma, dattawanmu har yau suna ba da labarin layin buhuna da akawu mai rubuta kilo. Farin 1973 da 1974, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, su suka karya wannan kasuwa. To amma sikelin nan bai haifar mana da wasa ba yadda ya haifar wa Rashawa, kuma ina ganin na san dalili. Mu a gida da tiya da kwano muke awo, cikar mazubi muke dubawa. Kilo yaren mai saye ne, baƙo ne. Bahaushe kuwa in yana son ya san ƙarfinsa, ƙato ɗan'uwansa yake nema a dandali, su kama juna. Zan dawo kan kokawa.

Wanda ya ɗauke giriya daga hannun masu gardamar kasuwa ya kai ta ɗaki mai doka da oda likita ne, Vladislav Kraevsky. A 1885 ya buɗe ƙungiyar masu motsa jiki a gidansa da ke St. Petersburg, Rashawa kuma daga wannan shekara suke lissafa farkon wasan ɗaga nauyi a ƙasarsu. Likitan yana auna ɗalibansa, yana lura da abin da suka ɗaga, yana yi musu faɗa a kan barci da abinci. Fitaccen almajirinsa shi ne George Hackenschmidt, ɗan kokawar da Turai ta yi wa laƙabi da Zakin Rasha, wanda ya yi tsawon rai har ya rasu a Landan a 1968. Ku lura, malamai, mutum na farko da ya mai da abin nan ilimi aikinsa duba marasa lafiya ne. A zamanin Sobiyet aka yi babbar gasar giriya a Mosko a 1948, sannan gasar zakarun ƙasa ta farko a birnin Lipetsk a 1985. A gasar yau minti 10 ake ba mutum, a ƙirga sau nawa ya kai ƙarfen saman kansa. Lilon nan da yaranmu suka fi so ba ya cikin abubuwan da ake gasa da su. A wurin 'yan gasa share fage ne, da shi ake koya wa ƙugu aikinsa.

Tarihin ƙidaya ya girmi na ƙarfen nesa ba kusa ba. Girkawa suna da labarin Milo, ɗan kokawar birnin Kroton a kudancin Italiya, wanda ya ci gasar Olamfik sau shida a ƙarni na shida kafin haihuwar Annabi Isa. Wai ɗan maraƙi ya riƙa saɓawa a kafaɗa kullum, maraƙi na girma ƙarfinsa na ƙaruwa, har ya wayi gari yana ɗaukar bijimi. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san maraƙi ya fi mutum saurin girma, saboda haka labarin ya fi kusa da tatsuniya. Milon da ake dama wa yara da madara ma sunan wannan ƙato aka sa masa, a Ostireliya a 1934. Amma abin da tatsuniyar take koyarwa gaskiya ne: jiki yana karɓar ƙari in an ba shi kaɗan-kaɗan.

Likitoci ba su rubuta wannan da alƙaluma ba sai ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, yana jinyar sojojin da suka ji rauni, ya ga motsa jiki marar nauyi ba ya mayar musu da ƙarfi da wuri. A 1945 ya wallafa yadda ya yi musu magani da ɗaga nauyi ana ƙarawa sannu a hankali. A 1948 shi da Arthur Watkins suka taƙaita tsarin zuwa zubi uku, kowane zubi sau goma: na farko da rabin nauyin da mutum zai iya ɗagawa sau goma, na biyu da kashi uku cikin huɗu, na uku da cikakken nauyin. Wannan "goma sau uku" da ake ji a bakin duk mai ɗaga ƙarfe a duniya daga ɗakin jinya ta fito.

Sai dai tsarin DeLorme yana bukatar nauyi iri-iri, a cire wannan a ƙara wancan. Mai giriya ɗaya tak fa? Tsakanin kilo 16 da 24 akwai rata mai faɗi, ba a tsallake ta a mako guda. Wanda ba zai iya sauya nauyi ba, sai ya sauya ƙidaya. Nan tsani ya shigo.

Ga yadda yake. Ka yi sau ɗaya, ka ajiye ka huta. Ka yi sau biyu, ka huta. Ka yi uku, ka huta. Kana hawa mataki-mataki, amma tun kafin ka kai inda ƙarfinka zai ƙare sai ka sauko ƙasa gaba ɗaya, ka sake farawa daga ɗaya. Saukowar nan ita ce dabarar. Mu ɗauki misali da yaron da iyakar ƙoƙarinsa shi ne ya ja jikinsa sama a reshen icce sau 8. In ya ce kowane zubi sai ya ƙure kansa, wataƙila ya yi 8, ya yi 5, ya yi 3, jimla 16, na ƙarshen kuma duk a karkace yana wutsil-wutsil da ƙafa. In kuwa ya hau tsani daga 1 zuwa 5, ya sami 15 a hawa ɗaya. Ya hau sau uku, 45 ke nan, babu ko ɗaya da ya yi da gajiyayyen hannu. Aikin ya kusa ninka uku, wahalar ta ragu. Ƙananan matakan nan na ɗaya da biyu hutu ne da ba a zauna ba, kuma bita ce, domin a nan jiki yake maimaita motsin yana da natsuwar gyara shi.

Malaman lissafi, ga kyauta. Jimlar tsani ita ce lissafin nan da ake danganta wa Gauss yana yaro, da aka ce malaminsu ya sa su tara lambobi daga 1 zuwa 100, ya kawo 5050 kafin malam ya zauna. A ɗauki matakin ƙarshe, a ninka da wanda ke binsa, a raba biyu. Tsani mai mataki 5 yana ba da 15, mai mataki 10 yana ba da 55. Na gwada wannan a aji, yaran da ba sa ɗaga kai in ana lissafi su suka riga kowa ba da amsa, saboda tambayar ta shafi abin da suke yi da yamma.

Kada a haɗa tsani da dala. Masu horo suna da wani tsari da suke kira dala, kamar dalar gyaɗa ta Kano, inda ake hawa har ƙololuwa sannan a sauko mataki-mataki: 1, 2, 3, 4, 5, 4, 3, 2, 1. A dala, bayan ka yi biyar mai wuya, huɗu ke jiranka kana haki. A tsani, bayan biyar ɗaya ce ke jiranka. Ga yaro mai koyo, bambancin nan babba ne.

Mutumin da ya yaɗa giriya da tsani a duniyar yau shi ne Pavel Tsatsouline, haifaffen Minsk a 1969, wanda ya koma Amurka da zama. A 1998 ya rubuta maƙala a kan giriya a wata mujallar masu ƙarfi mai suna MILO, sunan ɗan kokawar nan dai. A 2001 shi da kamfanin Dragon Door suka fara sayar da giriya a Amurka tare da kwas na ba malamai shaida. Shi ya ce a wurin sojojin Sobiyet ya san ƙidayar tsani, da ita suke ƙara yawan jan jiki a sandar ƙarfe. Maganarsa ce, kuma kada mu manta mutumin yana da haja a kasuwa, labarin sojan Rasha kuwa yana sayar da littafi a Amurka. Amma tsarin ba ya bukatar labarin, duk wanda ya gwada zai ga lissafin ya fita. A littafinsa na 2006, Enter the Kettlebell, ya shimfiɗa shi dalla-dalla: a fara da tsani uku na 1, 2, 3, a riƙa ƙarawa mako-mako har a kai tsani biyar na 1 zuwa 5, wato 75 a kowane hannu, sannan ne mutum ya cancanci giriyar da ta fi nauyi. Kwana uku a mako, rana mai sauƙi, rana matsakaiciya, rana mai nauyi. A littafin, tsanin na tura giriya sama ne da hannu ɗaya. Shi lilo da minti ake yin sa, har ma ɗiyan ludo biyu ake jefawa su faɗi yawan mintin ranar.

Wanda ya fi shahara da ɗora tsani a kan lilo shi ne Dan John, malamin makaranta kuma mai horar da 'yan wasa a jihar Utah, wanda ya yi tashe a jifan faifai. A 2013 ya fito da abin da ya kira ƙalubalen lilo 10,000. Matakansa 10, 15, 25, 50, jimla 100. A hau sau biyar, 500 ke nan a zama ɗaya. A yi zama 20 cikin mako huɗu ko biyar, an cika dubu goma. Maza da kilo 24, mata da 16. Irin wannan ne yake yawo a waya, domin dubu goma tana da daɗin faɗa, kuma irinsa ne nake roƙon iyaye su hana.

Tsarin ba shi da laifi ga waɗanda aka yi shi dominsu: manya da suka daɗe da iya lilo, masu wuni a kan kujera, masu cin nama da ƙwai, masu kwana cikin sanyi. Kama da wane ba ta wane. Yaron Dawce da zai yi lilo da yamma ya riga ya yi wani tun da asuba. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, ta ɗara giriyar da Dan John ya ba ƙattin Amurka, kuma 'yan matanmu suke ɗauko ta daga famfo a ka. Ga noma da damina, ga ban ruwa a fadama da rani, ga dakon rake. Yaranmu ba nauyi suka rasa ba. Abin da babu a aikinsu shi ne awo da hutu: ba wanda ya taɓa ce wa yaro ya sauko daga tsani, sai dai in aiki ya ƙare ko rana ta faɗi.

Kakanninmu kuwa sun san wani abu game da wannan, ko da ba su rubuta ba. Kokawa wasan kaka ce. Sai an yi girbi, rumbu ya cika, jiki ya murmure, sannan kalangu da ganga suke kiran samari dandali. Ba a kiran gasa a tsakiyar noman farko, lokacin da hatsi ya ja baya. Kuma akwai hawa-hawa: yaro da yaro, sa'a da sa'a, kafin mutum ya fita ƙauyen maƙwabta. Da gwamnatin Seyni Kunce ta mai da kokawa gasar ƙasa, aka yi ta farko a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, tsarin bai rushe wannan hawa-hawa ba. Ana tankaɗe daga ƙasa har kowace jiha ta fitar da 'yan kokawa goma, jihohi takwas su haɗa tamanin. Mu a Damagaram muna da Langa-Langa, wanda filin kokawar birni yake ɗauke da sunansa, muna da Balla Haruna. Waɗannan mutane gona da fura da kokawar dandali suka gina su, shekara a kan shekara. Yaron da yake son ya yi ƙirji cikin wata ɗaya don hoto, ba hanyarsu ya bi ba.

Akwai kuma abin da ba ma son faɗa a bainar jama'a, wato tramol. Duk wanda ke hulɗa da matasa a yankin nan, ko wannan gefen iyaka ko wancan, ya san ana shan ƙwayar don a yi aiki ba a ji gajiya ba. Ƙidayar tsani gaba ɗayanta a kan jin gajiya ta dogara: ka ji hannu ya fara saki, ka ji lilon ya rage tsayi, ka ajiye. Ƙwayar da ke kashe jin zafi ta toshe wannan kunne. Wanda ya sha ta ya kama giriya zai wuce iyakarsa bai sani ba, sai gobe. Uba ko malamin da ya ga yaro yana lilo ba ya tsayawa, ba ya haki irin na mutane, idonsa ya sauya, to ya bar maganar ƙarfe ya binciki aljihu.

Yanzu tambayar tsawo. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta sake duba batun a 2020, matsayarta kuwa ita ce horon ƙarfi da aka yi da nauyi daidai kima, ƙarƙashin kulawar babba, ba ya tsauye girman yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a shawarwarinta na 2020 ta ce yara daga shekara 5 zuwa 17 su sami motsa jiki na minti 60 a rana, da abin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana uku a mako. Abin da ke hana yaranmu tsawo mun san shi, a cikin tukunya yake tun suna goye. Tambayar baya ita ce mai ƙarfi. Stuart McGill na jami'ar Waterloo a Kanada, masanin ƙashin baya, ya auna masu lilo da giriyar kilo 16 ya wallafa a 2012. Ya gano lilon yana sa gaɓoɓin ƙasan baya wani irin turi na zamewa wanda ya saɓa da na ɗaukar kaya daga ƙasa. Shi ya sa wasu suke jin daɗin bayansu da shi, wasu kuma yake tayar musu da ciwo. Yaron da ya riga yana kukan baya, ko mai ƙaba, ko mai ciwon sikila, kada ya taɓa sai likita ya gan shi.

Lilon kansa, in za a yi, iyayenmu mata sun riga mu iya rabinsa. Ku kalli yadda mace take sunkuyawa wajen wanki ko shara: ƙugu ne yake naɗewa ya koma baya, gadon bayan kuwa a miƙe kamar allo. Haka ake so. Giriya ta wuce tsakanin cinyoyi can sama, kada ta yi ƙasa da gwiwa, sai ƙugu ya harba gaba da ƙarfi, mutum ya miƙe tsaye cak, ƙarfen ya tashi da kansa zuwa daidai ƙirji. Hannu igiya ce kawai, kamar ta guga. Masu kai shi har saman kai wani salo suke bi na Amurka, mai koyo ba ruwansa da shi. Kafin yaro ya yi lilo ko ɗaya, ya yi mako guda yana ɗaga ƙarfen daga ƙasa yana mayarwa da miƙaƙƙen baya, domin wajen ɗauka da ajiyewa ma ana samun rauni, lokacin da hankali ya tafi wani wuri.

Da yake lilo motsi ne mai sauri, ba a hawa tsaninsa da ɗaya-ɗaya. Abin da nake ba da shawara ga saurayi ɗan kwaleji shi ne 5, 10, 15, a sauko. Talatin ke nan. Tsani biyu a makon farko, uku in an saba, wato 90, kwana biyu ko uku a mako, da kilo 8 ko 12. Tsakanin mataki da mataki a huta har sai yaro ya iya faɗin cikakkiyar magana ba tare da numfashi ya yanke masa ita ba. Ranar da 10 ta fara lalacewa, ba a zuwa 15, a koma 5 ko a tashi. Lokacin noma da lokacin azumi a rage ko a ajiye. Cikin zafin Afrilu da Mayu, da rana ke haura digiri 40, sai da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi, da ruwan sha a kusa. In yaro ya kwana da ciwon jiki mai tsanani, fitsarinsa ya yi baƙi kamar shayin da ya daɗe a wuta, wannan alama ce ta tsoka ta farfashe tana iya taɓa ƙoda. A kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙo.

Abin da ya fi burge ni a tsani shi ne yadda ya dace da rashinmu. Giriya ɗaya ta ishi yara biyu ko uku. Wannan ya yi biyar ya ajiye, wancan ya karɓa ya yi biyar, na farko ya dawo ya yi goma. Aikin ɗaya shi ne hutun ɗaya, kamar lugude a turmi guda, kuma da tsani yana tsawo hutun ma yana tsawo da kansa, ba sai da agogo ba. Wanda ke jira shi ne alƙali, idonsa a kan bayan abokinsa, in ya ga ya fara gantsarewa ko ya yi doro ya ce ajiye. Malamin wasanni mai aji cike da yara da kayan aiki kaɗan zai iya raba su uku-uku a haka. 'Yan mata ma ba abin da zai hana su, in an ba su wurinsu da malama, su da suka fi kowa ɗaukar kaya a garin nan.

Saura maganar gwangwanin siminti, wanda a gaskiya ya fi ba ni tsoro a kan lilon. Giriyar ainihi a dunƙule ake zuba ta, mariƙi da jiki abu ɗaya ne. Ta samarinmu rodi ne aka cusa a kankare, in bai sami ƙugiya a ciki ba wata rana zai zare, dutsen ya tafi inda ya ga dama, ga ƙananan yara a zaune suna kallo. A sa maƙeri ya lanƙwasa ƙarshen rodin biyu su zama ƙugiya kafin a zuba, mariƙin ya yi faɗin da hannu biyu za su shiga, a goge kaifinsa, a bar simintin ya yi mako yana shan ruwa kafin a taɓa. Kada kowa ya tsaya a gaban mai lilo. Sannan a san nauyinsa. Lita ɗaya ta kankare tana kusan kilo biyu da rabi, saboda haka gwangwani mai lita huɗu zai ba da wajen kilo 9 zuwa 10, bokiti mai lita goma kuwa ya haura kilo 20, ya fi ƙarfin mai koyo. Yawancin waɗanda na ɗaga a unguwa masu su ba su san kilonsu ba, wanda ya fi girma shi ake yabo. A ɗauke shi a kai wa mai sikeli a kasuwar Matamaye ya auna, a rubuta kilon da fenti a jikinsa, yadda duk wanda zai kama ya san abin da ya kama.